Sunan Fim a Baki Yake Yawo: Yadda Nake Zaɓa wa Rubutu Suna

Kai marubuci, a saman shafin farko kake ganin sunan fim ɗinka, an buga shi da manyan baƙaƙe, ya zauna daram. Mai kallo kuwa jin sa yake fara yi. Wata ce za ta gaya wa ƙawarta a gidan biki, ko yaro ya miƙa waya a shagon masu tura fina-finai ya faɗi abin da yake so, ko ɗan kabu-kabu ya tambayi ɗan'uwansa a bakin tasha ko an saki kashi na biyar. Sunan da bai iya wannan tafiya daga baki zuwa baki ba, ko da ruwan zinari aka rubuta shi a fosta, a nan zai tsaya. Duk shawarar da zan ba ka daga wannan ta taso.

Ni mutumin Argungu ne, a Birnin Kebbi nake zaune, kuma ƙananan ƙungiyoyi nake yi wa rubutu, irin waɗanda ke yin karo-karo su ɗauko kyamara haya, su ɗora aikinsu a YouTube. Na faɗi haka ne don ka san inda shawarata ta fi aiki. Furodusan Kano da ya ɗauko fitaccen jarumi yana iya laƙaba wa fim duk sunan da ya ga dama, fuskar jarumin za ta jawo masa jama'a. Mu nan ba mu da wannan gata. Fuskokin da ke kan fostarmu 'yan unguwa kaɗai suka san su, kuɗin talla kuma babu. Kayan da jarumi ke ɗauka a can, suna ne ke ɗaukarsa a nan.

Kasuwar ma ta sauya. Tun daga 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano, har zuwa zamanin faifan CD, mai saye yana riƙe kwali a hannu, ya juya shi gaba da baya, ya kalli hotuna, ga kuma tallan da ya riga ya gani a farkon wani kaset. Dilolin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano su ke rarraba kaya har su iso shagunan Birnin Kebbi da Jega da Yauri, mai shago kuma ya ƙara da nasa zaƙin bakin. Yau abin da ya rage ɗan ƙaramin hoto ne da layi biyu na rubutu a fuskar waya, mutum na shafawa da babban yatsa yana wucewa.

Kada ka yi gaggawa

Lokacin da kake cikin rubutu, sa wa aikin suna na wucin gadi don kawai ka riƙa gane shi a kwamfuta ko a waya: "labarin gona", "na Hajiya mai shago". Ka bar shi mummuna da gangan, don kada ka shaƙu da shi. Sunan da ka ƙwallafa rai a kansa tun labari bai nuna ba yakan koma yana jan labarin, sai ka tarar kana cusa fitowar da ba ta da aikin yi don dai sunan ya samu wurin zama.

Idan ka gama zubin farko, rufe shi, ka faɗi labarin a jimla ɗaya: wane ne, me yake so, wa ya tsaya masa a gaba, me zai rasa in bai samu ba. In jimlar ta ƙi fitowa, to ba a kai ga maganar suna ba tukuna. Labarin ne bai san inda ya dosa ba, koma ka gyara shi.

Bari in yi misali da wani rubutu nawa, shi zan riƙa komawa gare shi. Dattijo ya rasu ya bar gonar fadama a bayan Argungu. Babban ɗansa ya karɓi kuɗi a ɓoye wajen wani ɗan kasuwa, ya ba da gonar jingina, a kan zai biya da buhu arba'in na shanshera bayan girbi. Ruwa ya zo ya shafe shinkafar, irin yadda ambaliyar 2020 ta yi wa manoman jihar nan. Ƙanwarsa, wadda ke da rabo a gonar, ta tsinci takardar jinginar a aljihun rigar da ta ɗauka za ta wanke. Jimlar ke nan: yarinya na neman ceto rabonta daga bashin da yayanta ya ci ba da saninta ba, kafin wa'adi ya cika.

Sunayen da suka fara zuwa bakin 'yan ƙungiya su ne Amana, Haƙuri, Zumunci, Son Zuciya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, duk suna cikin labarin. Sai dai waɗannan jigo ne, kuma kusan duk fim ɗin Hausa da aka taɓa yi ana iya kiransa Amana ko Haƙuri a zauna lafiya. Sunan da ya dace da fim dubu bai nuna naka ba. Ban da haka, irin wannan suna wa'azi yake fara yi tun ba a zauna ba. Mai kallo rigima ya zo gani. Darasi, in akwai, shi zai ɗauka da kansa.

A cikin rubutun sunan yake

Nan ne aikin yake, kuma aikin biro ne da takarda. Buga rubutun in kana da hali, ka bi shi shafi-shafi kana ja wa abubuwa layi. Fara da duk wani abu da ke wucewa daga hannu zuwa hannu: makulli, takarda, zobe, waya, akwati, sandar gado. Sannan duk wani adadi da ake ta nanatawa, na kuɗi ne ko na kwanaki. Sannan wurin da rigimar ke komawa kullum: zaure, shago, mashaya, ɗakin tsakiya. Sannan maganar da wani a cikin 'yan wasan ke yawan faɗa har ta zama tasa. Abin da kake nema shi ne abu ɗaya wanda in aka cire shi labarin zai rushe, kuma wanda ido ke iya gani ko hannu ke iya ƙirgawa.

A labarin gonar nan, layin ya faɗa kan takardar jingina, injin ban-ruwa, fadamar Baba, ranar girbi, da buhu arba'in. Daga irin wannan tsinta ka fitar da sunaye kamar ashirin, ka rubuta su duka har da waɗanda ka san ba za su kai labari ba. Na farko-farko galibi waɗanda kowa zai kawo ne. Sai sun ƙare ne kan mutum ke fara haƙo nasa.

Takardar Jingina ya faɗi gaskiya amma yana warin kotu, sai ka ce shirin wayar da kai. Fadamar Baba yana da daɗin faɗa, ba ya dai nuna cewa akwai wuta a ciki. Mai ji zai zaci shirin noma ne. Buhu Arba'in shi ya tsaya, ga kuma dalilai. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san in an ambaci buhu da adadi, to ko amfanin gona ake lissafi ko bashi. Sunan yana jefa tambaya nan take: buhun me, wa ke bin wa, an biya ko ba a biya ba? Bai kuma amsa ko ɗaya ba. Ga shi kalma biyu ne, yaro na iya riƙe shi daga gida zuwa shago bai zubar a hanya ba.

Ka lura da yadda mai tallan fura take yi. Ba ta tsayawa bayanin irin geron ko amfanin nono ga jiki. Abin da ke cikin ƙwaryar take kira, gajere, da muryar da za ta tsallake katanga, mai so ya aiko yaro. Aikin suna ke nan.

Wani abu da zan ƙara: adadi yana da ƙarfi a suna fiye da yadda marubutanmu suka ɗauka. Wa'adi, sadaki, yawan 'ya'ya, lambar ɗaki, duk suna sa mai ji ya ji cewa an ƙayyade abu, akwai ranar da za a yi ta ta ƙare.

Karin magana, sunan mutum, da baƙin harsuna

Karin magana ita ce rijiyar da kowa ke ɗiba, kuma ba laifi ba ne, tunda ta riga ta zauna a bakin mutane kafin a haife ka. In za ka ɗauka, ɗauki rabi, mai ji zai ƙarasa da kansa, kuma wannan ƙarasawar tana sa sunan ya kama shi. Haɗarin shi ne rabin da ka bari yakan tona ƙarshen fim. Ka ce Ramin Mugunta, kowa ya san an ce a gina shi gajere, kowa ya san mai ginin ne zai faɗa. Ka ba da ƙarshen labarinka kyauta. A fim ɗin barkwanci wannan ba damuwa ba ce, don daɗin yana wajen ganin yadda za a faɗa ramin. A labarin da ƙarfinsa ke kan ɓoye sirri kuwa, asara ce. Sannan karin maganar da ta fi saurin zuwa maka ita ce ta fi saurin zuwa wa kowa, don haka da wuya ka tarar ba a riga ka ba. Nemi wadda tsofaffin garinku ke faɗa wadda ba ta cika shiga littafi ba. Masunta da manoman fadama da mahauta kowa na da nasa zantukan, kuma ba a taɓa yawancinsu ba.

Sunan mutum, musamman na mace, hanya ce da aka daɗe ana bi. Ra'ayina shi ne sunan yanka shi kaɗai ba ya gaya wa baƙo komai. Wace Hajara? Ta ina? Yana aiki ne in jarumar da ta hau matsayin sananniya ce, ko in labarin ya riga ya yi suna a littafi. Sunayenmu na gargajiya sun fi shi amfani, domin kowane da labarinsa a ciki. Ka ce Tanko, an san namiji ne da ya biyo bayan mata. Ka ce Delu ko Kande, an san mace ce a bayan maza. Gambo ya biyo tagwaye, Talle maraya ne tun yana ƙarami, Auta kuwa kowa ya san irin riƙon da ake yi masa. Ka haɗa ɗaya daga ciki da wata kalma mai nuna hali ko sana'a ko gida, ka samu suna da rabin gabatarwa a ciki.

Kalmar Larabci tana ba suna kwarjini, shi ya sa ake son ta. Ka tabbata dai ka san ma'anarta da yadda malamai ke amfani da ita, kuma ka tabbata labarin ya kai nauyinta. Turanci kuma, in labarin na ɗaliban jami'a ne a Aliero ko Kalgo, kuma su kake so su kalla, yana iya shiga. Amma ka sani cewa wadda ta fi kowa kallon fim ɗinka mai yiwuwa matar aure ce a cikin gida, ko tsohuwar da jikanta ke kunna mata. In bakinsu bai ɗauki sunan ba, ba za su fasa kallo ba, nasu za su raɗa. Sai ka ji ana cewa "fim ɗin yarinyar nan mai gona", sunanka na can a fosta ba mai kiransa, wanda ya je nema da sunan da ya ji kuma ba zai same shi ba.

Gwajin kunne

Rage sunayen su koma uku ko huɗu, ka fita da su daga ɗaki. Kada ka kai wa abokan rubutu, su sun san labarin, kuma kunyarka za su ji. Kai wa mai shayi, da tela, da gwaggonka, da yaran da ke zama a shagon tura fina-finai. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa sanin sunan da ke tafiya, don su ake faɗa wa sunaye daga safe har dare. Faɗi sunan sau ɗaya, da baki, kada ka nuna a rubuce, kada ka yi bayani. Ka tambayi mutum me yake zaton labarin ya ƙunsa, kuma dariya yake sa ran yi ko tausayi. Washegari in kun haɗu ka ce ya maimaita maka. Wanda ya dawo daidai shi ne mai rai.

Na gwada Buhu Arba'in a kan wata gwaggona da ba ta san komai game da rubutun ba. Ta ce, "Wa anka biyo bashi?" Na ce, "Gwaggo, ai ban ce bashi ba ne." Ta ce, "Kai ɗan nan, buhu arba'in in ba bashi ba mi na na? Halan ruwa ya ci gonar." Ta kusa ba ni labarin duka, amma ba ta san yadda za a ƙare ba, kuma tana son ta sani. Iyakar abin da nake nema ke nan a wajen suna.

Bayan kunne sai ido, domin rubutun boko yana da tarkon da baki ba shi da shi. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Rikicin Gado a baki ba ya ruɗa kowa, amma a fosta ana iya karanta shi gadon da mamaci ya bari, ana iya karanta shi gadon kwanciya, kuma ka san wanda 'yan zaman majalisa za su zaɓa. Fari yana iya zama launi, yana iya zama rashin ruwan sama. Kuka na iya zama hawaye ko itace. In kana son wannan harshen damo da gangan, to madalla. In ba ka so, ƙara kalmar da za ta tsare ma'ana.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa. Yawancin mutane ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a waya, ko da allon rubutunsu na da su. Saboda haka rubuta sunanka ba lanƙwasa ka ga abin da ya koma. Ƙarya za ta koma karya, ƙasa ta koma kasa, kuma ba lallai ka so abin da ya fito ba. Wannan ba dalili ba ne na barin daidaitaccen rubutu a fosta. Rubuta shi daidai, sannan a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo ka sa ɗaya sigar don masu nema su same ka. Haka na yi da Arba'in, tunda wasu za su buga shi ba tare da ɗan waƙafin sama ba, wasu ma 40 kawai za su rubuta.

Maganar karin harshenmu tana buƙatar a tsaya a kanta. Mu nan hwadama muke cewa, muna cewa munka da sunka da wanga. A bakin 'yan wasa ina son a bar wannan yadda yake, shi ne gishirin aikinmu, kuma ba na yarda darakta ya mayar mini da manomin Argungu Bakano. Suna kuwa wani abu ne dabam. Na farko, mai nema daga Kaduna ko Jos da ya ji hwadama, fadama zai buga. Na biyu, fina-finan Kano sun daɗe suna sa harshen yamma a bakin ɗan barkwanci, har kunnen masu kallo ya saba. In suka ga suna da karinmu, dariya za su zo yi. Idan barkwanci ka rubuta, wannan riba ce, ka yi amfani da ita. Idan labarin hawaye ne, sa sunan a daidaitacciyar Hausa, ka bar karin ya yi aikinsa a ciki. Ka tuna kuma masu kallonmu ba a Kebbi suka tsaya ba: akwai na Gaya da Doso da Yamai a hayin iyaka, akwai 'yan zango a Gana, akwai mazauna Saudiyya. A cikin jihar ma akwai Dakarkari da Zabarmawa da Kambari da Fulani waɗanda da Hausar kasuwa za su karɓi sunan. Kalmar da sai ɗan Kabi, wato Kebbi, na asali ke ganewa tana rage maka jama'a tun daga ƙofa.

Bincika ko an riga ka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma kada ka tsallake shi. Buga sunan a YouTube da Facebook da TikTok da Google, da lanƙwasa da babu. Kada ka tsaya kan fina-finai: duba littattafan da ake rubutawa a intanet ana rarrabawa ta WhatsApp da Wattpad, da waɗanda ake karantawa da murya a YouTube, don yawansu ya wuce misali kuma sun cinye sunaye da dama. In sunanka ya zo ɗaya da na littafin da ya yi tashe, masu karatunsa za su zo da zaton shi aka mayar fim, su tarar ba shi ba ne, su zazzage maka fushinsu a ƙasan bidiyo.

Ta fuskar doka, Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma abin da irin wannan doka ke karewa shi ne aikin kansa, wato labarin da rubutunsa da fim ɗin. Gajeren suna shi kaɗai ba kasafai yake samun wannan kariya ba. Mai son ya killace suna, rajistar alamar kasuwanci yake nema, wannan kuma zancen lauya ne. Amma kada ka fake da haka ka hau sunan wani. Ko ba a kai ka ƙara ba, a wajen nema wanda ya riga ka shi zai riƙa fitowa sama, kai kana ƙasa, kuma a sana'ar da kowa ya san kowa, sunan mai kwaikwayo ba ya gogewa da wuri.

Sunayen da ke jawo magana

Jihar nan masarautu huɗu gare ta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma kowace na kishin sarautunta da tarihinta. Ka sa wa fim Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ko Surame, tsohon birninsa, mutane za su zo da zaton tarihin Kabi za su gani, kuma akwai masu ilimin da za su bi ka fitowa-fitowa suna duba inda ka kauce. In ba tarihin ka rubuta ba, kuma ba ka nemi shawarar masu abin ba, bar musu sunansu. Haka sarautar da ke da mai riƙe da ita a raye, ko da Sarkin Ruwa ne: in mugu ne a labarinka, sai a ce da wane kake. Sunan ƙabila haɗe da mummunar siffa, ko sunan gari na gaske haɗe da abin kunya, duk fitina ce da ba ta da riba. Ƙirƙiri garinka. Aya ko lafazin ibada a kan fim ɗin soyayya da rawa, wannan ba sai na faɗa ba.

Akwai kuma hukuma. Ta ƙasa mai tace fina-finai tana nan tun 1993, ta Jihar Kano tun 2001, kuma in kana fatan aikinka ya shiga kasuwar Kano ko ya hau tasha irin Arewa24, suna ne abu na farko da mai dubawa zai karanta. Sunan da ke da ƙamshin batsa yana sa a kalli sauran aikin da ido na zargi. YouTube ma tana duba suna da hoton gaba wajen yanke ko za a sa talla a bidiyo, don haka kalmomin kisa da zubar da jini na iya rage maka ɗan abin da kake sa ran samu. Game da matsalar tsaro da ta addabi yankinmu, ni dai ba na sa ta a suna don jan kallo. Waɗanda abin ya shafa suna cikin masu riƙe da wayar.

Fim guda ne ko mai dogon zango?

A nan Buhu Arba'in yake da rauni, kuma gara ka gan shi. Ranar da aka biya bashin, ko aka yafe shi, sunan ya gama aiki. Ya dace da fim guda ko zango ɗaya mai ƙarshe. In furodusa na da niyyar ya ja labari zango bayan zango, nemi sunan da ba ya ƙarewa: gida, unguwa, zuri'a, sana'a, tasha, wurin da sabuwar rigima za ta iya shigowa ba tare da sunan ya zama ƙarya ba. Ka tambayi wannan tun kafin ka miƙa rubutu.

Miƙawar ma da dabara. Mai kuɗi yana da ta cewa a kan suna, kuma sau da yawa yana zuwa da nasa a aljihu, wani lokaci sunan 'yarsa ne. Kada ka je da suna ɗaya ka kafe. Je da uku waɗanda duk ka yarda da su, ka sa wanda ka fi so a gaba, ka kuma zo da abin da mutane suka faɗa a gwaji maimakon ra'ayinka. "Alhaji, ranka ya daɗe, yaran shago sun riƙe wannan, wancan kuwa sun manta shi kafin la'asar" ya fi "ni a ganina" tasiri nesa ba kusa ba. In ya nace a kan nasa, nemi a gwada shi a kan mutanen nan dai. Duk wanda aka tsayar, a rubuta shi a takardar yarjejeniya tare da sunanka na marubuci, don ko an sake wa fim suna daga baya a san daga wane rubutu ya fito.

Da an tsayar, a tsayar da rubutunsa ma: baƙi ɗaya, tazara ɗaya, a shafin farko na rubutun, a allon da ake kaɗawa gaban kyamara, a fosta, a farkon fim. Tura wa mai zanen fosta sunan a rubuce, kada ka faɗa masa ta waya, ka kuma duba ko irin baƙaƙen da ya zaɓa suna da ƙ da ɗ da ɓ, don da yawa ba su da su, sai a samu gurbi ko ɗan akwati a tsakiyar kalma. A YouTube an ba ka gurbin baƙaƙe 100, amma a waya farkon kawai ke fitowa kafin a datse. Sa sunan fim a gaba, sai zango da kashi, sunan ƙungiya da na 'yan wasa su biyo baya.